Motar da ke neman cinye fadamar Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya ishe ni.

Ni ne babba a gidanmu a Gummi. Tun da Allah Ya yi wa Baba rasuwa ba mu raba fadamarsa ba, tare muke noman shinkafa, daga ciki Inna take ci. Ƙanena ya ɗan samu a haƙar zinari wajen Anka, sai ya ga wata motar tsere a waya, mai ƙofa biyu, cikinta na jan ƙasa kamar kunkuru, ya tura kuɗi Japan. Na tambaye shi ta ina za ta bi tsakanin nan da Bukkuyum, ya ce ni allo na sani, ban san mota ba.

Mota ta iso tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ashe sitiyarinta a dama yake, dokar ƙasarmu kuwa ta hana shigo da irinta. Ga shi ta tsufa, ta wuce shekarun da aka yarda, ga kuɗin fito, ga kuɗin ajiya kullum yana hawa. Sai dillalinsa ya kawo dabara, wai a yanka ta gida biyu, a shigo da ita da sunan kayan gyara, a yi mata walda a nan. Subhanallahi! A yi wa hukuma ƙarya, sannan a ɗauki ɗan mutum cikin motar da aka ɗinke kamar fasasshiyar ƙwarya.

Yanzu kuɗin zinari sun ƙare. Ƙanen nawa ya zo yana cewa a raba gado ya sayar da rabonsa don ya fito da motar. Mai sayen kuma bakin gulbi yake so, inda injin ban-ruwa yake, in aka cire nan noman rani ya mutu. Na ƙi, ya ce na danne masa haƙƙi, har ya kai ƙarata wurin liman.

Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, saboda ni ne ɗan fari. Jiya ta kira ni da shi, tana hawaye, ta ce, "Ba shi abinai, kada ku yi faɗa ina da rai."

Na san a shari'a haƙƙinsa ne. Amma jama'a, in sa hannu abincin Inna ya tafi ga ƙarfen da za a yanka, ko in ƙi, in saɓa wa uwar da ta kira sunana? Wanne zan iya tsayawa da shi gaban Allah?