Aduwar da ta shigo gonarmu

Zuwa ga Yaya Haruna, a makwancinka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai iyali suna lafiya, damina ta yi kyau. Gwiwoyina ne kawai suka daina jin maganata.

Yaya, akwai wata magana da na taɓa ji a kanka wajen mai jabana, wato mai sayar da gahawa, a kasuwar Gadarif, na yi dariya har gahawa ta zube mini a jallabiya. Wai kai Haruna, da ko liman sai ya lallaɓa kafin ya gaya maka gaskiya, wani Bahabashe Kirista mai yankan riɗi, Gabre, shi ya yi maka wa'azi har ka mayar wa marayun maƙwabcinmu Adamu gefen gonarmu ta Gadambaliya. Na ce wanda ya ƙirƙiro wannan bai san ka ba.

Ka tuna shekarar. Riɗi ya nuna, shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa, ka makara kwana uku ya fashe, tururuwa ta gode maka. Na shiga gari neman buhuna, na dawo na tarar matar Adamu da 'ya'yanta suna yankan gefen gabas, tun daga aduwar nan har iyaka. Na tambaye ka, ka ce mini, "Ba namu ba ne, Isa." Iyakar bayaninka ke nan. Sallah biyu ban taka gidanka ba. Naman layyarka bai fasa zuwa gidana ba, ni ma ban fasa ci ba, don fushin nawa bai sauka ciki ba.

Sai bana na ji yadda aka yi. Ashe Gabre da ya iso gindin aduwar, ajiye lauje ya yi. Ya ce maka lokacin da Adamu yake da rai ya yi masa aiki, a inuwar aduwar nan suke cin tuwon asida, kuma tana can cikin gonar Adamu. Yau ga ta a tamu. Ya ce ko dai aduwa ce ta yi tafiya ko iyaka, shi kuma bai taɓa ganin itace da ƙafa ba. Ya ce a littafinsu an la'anci wanda ya matsar da iyakar maƙwabcinsa, har aka sa jama'a duka su ce amin, don kada wani ya ce bai ji ba. Gonar marayu kuwa kashedinta daban, don mai tsaya musu ya fi ƙarfin kowa. Ya ce ka sallame shi in ka ga dama, laujensa dai ba zai shiga nan ba.

An ce ka daɗe a tsaye kana kallon aduwar. Sannan ka ce ai mu ma an gaya mana, wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai. Ka aika aka kirawo matar Adamu.

Ga wurin da ka rufe mini. Ni nake hawa tarakta gefen direba duk lokacin huɗa. Ni nake ce masa ya ɗan ƙara faɗin diskin garma ɗaya, ai kunyar iyaka ciyawa kawai take tarawa. Diski ɗaya a shekara, Yaya. Ban taɓa kiran abin sata ba, gyaran layi nake ce masa. Gabre ya gan ni, kai ma ka sani. Ka roƙe shi kada ya ambaci sunana, ka gwammace in riƙe ka da fushi da a nuna ni da yatsa a gaban marayu. Har ka koma ga Allah ina ganin ni aka cuta.

Watan jiya 'ya'yana suka taso za su kai ƙara, wai baffansu ya yi kyauta da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Na tara su a tsakar gida na gaya musu wanda yake kan tarakta. Babban ya yi ta kallon takalminsa. Maganar kotu a nan ta mutu. Washegari na je gidan Adamu na nemi yafiya. Tsohuwar ta ce ta yafe tun ranar da ka kira ta, ta kuma tambaye ni me ya tsare ni a hanya haka.

Na gode, Yaya. Shekaruna sun kai inda mutum yake auna abin da wuyansa zai iya ɗauka, kai kuwa ka sauke mini nawa tun ban san ina ɗauke da shi ba. Allah ya yalwata maka kabarinka fiye da abin da ka mayar. Ya yafe mini Sallolin nan biyu. Ya haɗa mu a inuwar da ba ta da gardamar iyaka.

In kana neman wanda ya tona maka asiri, kada ka zargi matarka Hauwa, ta riƙe amana. A kasuwar Gallabat na tsaya sayen zuma wajen wani tsoho mai furfura, ya dube ni ya ce tafiyarmu ɗaya da kai. Da ya ji ka rasu, ya ce to alkawari ya sauka. Gabre ne da kansa.

Ƙaninka mai godiya, ko da a makare,
Isa