Taɓare Sun Tuna da Inna Dije

Zuwa ga mai daraja Yaya Hajara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ina gajiya? Yaya maigidan da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Dugabau lafiya lau, gyaɗa ta cika buhuna.

Ni, ƙanwarki, Sarauniyar Surutu, yau bakina ya mutu. Kin ji rasuwar Inna Dije, malamarmu kuma aminiyarmu, wadda ta koya mana lugude. Na ɗauka an binne kiɗan tare da ita.

Ranar sadakar bakwai muka taru dakan gumba. Goggo Abu ta ce, "Nan gidan makoki ne, wadda ta yi lugude za ta gamu da ni." Muka soma daka shiru. Wallahi Yaya, ba wadda ta shirya, sai taɓaren suka hau salon marigayiya da kansu, har suna barin gurbin da takan tafa. Na saci kallon Goggo, sai ga ta tana hawaye, tana cike gurbin da tafi.

Ki sa Inna a addu'a, Allah ya jiƙanta. Ni ma ki roƙa min, don ni aka ɗora wa koya wa yara lugude. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Talatu