Ranar da Ƙudan Zuman Baba Suka Mutu

Caltavuturo, tsibirin Sisili
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Liborio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ba Kirsimeti ba, to nemi wuri ka zauna.

Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin amya makon jiya. Likita ya ce zuciya ce, da na bi shi waje kuma ya ƙi haɗa ido da ni. Yanzu yana kwance a gidana yana kushe miyata, wai tun da aka haife ni ban san kan gishiri ba. Bakin dai yana nan da ƙarfinsa.

Abin da ya hana shi sakewa ƙudan zumansa ne. Cikin baƙaƙen nan namu na gado amya huɗu kaɗai suka rage, waɗanda ke bayan dutse. Kowa a yankin nan ya koma wa jajayen da ake kawowa daga arewa. Bana an yi ruwa, kardu, ƙayar nan da ƙudan zuma ke son furenta, ta rufe saurar kakanmu, nan da wata biyu za ta yi fure. Baba ya ce irin wannan shekarar ce ake samun zumar ƙaya mai haske, wadda ba ta gauraya da komai ba. Ni ka san harbi ɗaya ke kumbura ni kamar kwaɓin burodi. Mijina Castrenze kuwa, da ya ji ƙugin ƙuda sai ya tuna yana da aiki a cikin gari. Babu mai iya musu sai kai.

Shekara goma sha tara ai ta isa. Ka zo gida.

Ƙanwarka,
Venera

Solingen, Jamus
29 ga Maris

Venera,

Takardarki ta iso. Ina gaishe ku duka, Allah ya ba Baba sauƙi.

Sau uku na karanta ta, ban ga inda kika ce shi ya ce in zo ba.

Kin san abin da ya faru. Ni na sayo jajayen sarauniyoyin ƙudan zuma goma daga arewa, na sa a amyoyinsa ba da son ransa ba, don an ce sun fi tara zuma. Ƙaya ba ta gama fure ba amya arba'in suka mutu, baƙaƙe da jajaye. A gaban maƙwabta ya ce na kawo masa cuta, na kashe abin da kakansa ya bar masa, kada in ƙara taka gonarsa yana raye. Gaskiyarsa ce. Tun daga ranar wuƙaƙe nake wasawa a masana'anta, ban ƙara sa zuma a bakina ba.

Ki sa Castrenze ya ƙara musu wuri kafin fure, in ba haka ba, za su tashi su bar amyar. Da sassafe, hayaƙi kaɗan. Baƙaƙen ba su da faɗa in ba a girgiza su ba.

Ki gaida shi in kin ga zai amsa.

Liborio

Caltavuturo
3 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka. Na daɗe ban amsa ba saboda abin da zan rubuta ne yake da nauyi.

Ba sarauniyoyinka suka kashe su ba. Ni ce.

Shekarar ina amarya. Tsutsa ta shiga inabin gidan mijina da ke jikin saurarmu, Castrenze yana kwance da zazzaɓi, uwarsa kuma kullum sai ta ce an auro musu 'yar masu zuma, ba ta san aikin gona ba. Na ɗauki tankin feshi na goya, na feshe gonar da rana tsaka, iska tana kaɗawa kan furen ƙayar. Baba ya sha hana feshi lokacin fure. Kwana biyu aka wayi gari ƙuda zube a bakin amya kamar an zazzage buhun gawayi. Ina tsaye yana zaginka. Na buɗe baki, na ga fuskarsa, na rufe.

Jiya na gaya masa, na durƙusa a gefen gadon ina jiran ya kore ni. Sai ya ce:

"Ke kina zaton ban san gawar ƙudan da guba ta kashe ba? Duk harshensu a waje yake. Tun ranar na sani."

Na ce to me ya sa ya ɗora maka? Ya ce da ya faɗi gaskiya, surukata za ta ce na jawo musu rigima da dangi ta maido ni gida, aurena ko wata uku bai yi ba. Kai kuwa namiji ne, kuma dama yana jin haushinka a kan jajayen. Ya ɗauka za ka yi fushin mako guda a birnin Palermo ka dawo. Da ya ji ka haye teku, sai girman kai ya riƙe masa harshe, shekara tana bin shekara.

Na tambaye shi in rubuta cewa ya ce ka zo? Ya ce, "Rubuta masa cewa ubansa maƙaryaci ne. Sauran ya rage nasa."

Ban nemi ka yafe mini ba. Ka dai zo ka same shi.

Venera

Caltavuturo
27 ga Mayu

Yaya Liborio,

Gaisuwa. Baba ya rasu ranar Asabar da hantsi, mun binne shi kusa da Inna. Sau biyu na kira lambar maƙwabcinka, matar da ta ɗauka ba ta jin yarenmu, ni ma ba na jin nata.

Ana saura kwana huɗu ya rasu, ya sa muka ɗauke shi a kujera har saurar kakanmu. Ƙayar ta yi fure shunayya iya ganin ido. Castrenze, Allah ya saka masa, ya rufe kai da labulen ɗakina ya yanko saƙa ɗaya, ya dawo ido ɗaya a rufe. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce yau dai surukinsa ya yi kyau. Ya lasa a yatsa, ya ce ba ta gama nuna ba, a ba ta mako biyu.

Duk sanda babur ɗin mai kawo wasiƙa ya wuce sai ya juya kai wajen ƙofa. Bai taɓa tambayar ko amsarka ta zo ba. Na gaya wa kaina gidan waya ne ya yi jinkiri.

Amya ɗaya ta tashi, saura uku.

Ƙanwarka,
Venera

Solingen
6 ga Yuni

Venera,

Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri.

Gidan waya bai yi jinkiri ba. Takardarki ta iso a kan lokaci, ni na riƙe ta. Na so shi ma ya ɗanɗana jira, ko na wata guda ne.

Zan iso ranar Alhamis a jirgin ƙasa na safe. Kada ku zo tarya, maƙabarta zan fara zuwa, da ƙafa. Ban san abin da zan ce miki ba tukuna. Ki dai dafa abincin da ni.

Yayanki,
Liborio