Kilo Casa'in da Takwas a Rumfar Tumaki

Invercargill, 9 ga Yuni

Zuwa ga maigidana Eroni, Baban Mili,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Mili da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ruwan da aka yi bai ɓata maka gwaza ba, ko? Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya.

Sanyin bana ya fi na bara mugunta. Kullum sai na zuba wa gilashin mota ruwan ɗumi kafin in ga hanya. Ƙarfe shida nake shiga aiki a gidan tsofaffi, in yi musu wanka, in juya waɗanda ba sa iya juyawa, in tashi ƙarfe biyu. Daga can sai gonar Baba Alastair, dattijon nan da ke koya mini ɗaga ƙarfe. A rumfar da yake yi wa tumaki aski muke atisaye, iska na hurowa ta tsakanin katakon ƙasa. Sandar ƙarfen nan, Eroni, idan ka kama ta sai ka ce cizonka ta yi. Tafin hannuna duk ya tsattsage.

Jiya na tsaya ina hura yatsuna, ya ce, "Ke 'yar tsibiri, rawar ɗari kika zo yi ko aiki?" Na ce, "Baba, ai tumakinka sun fi ni gata, su da rigarsu." Ya ce, "Kwantar da hankalinki, wata mai zuwa zan aske su, ku zama ɗaya."

Akwai gasa a Dunedin ranar 24 ga Agusta. Wadda ta kai nauyin da aka yanka, za a sa ta cikin masu wakiltar ƙasarmu Fiji. Ɗagawa iri biyu ake yi. Ta farkon ba ta ba ni tsoro. Ta biyun ce, wadda ake ɗora ƙarfen a ƙirji sannan a tura shi sama: sai na ɗaga kilo casa'in da takwas, ni kuwa a casa'in da biyu na maƙale.

Na san na ce zan dawo tun Mayu. Ka ƙara haƙuri, kamar yadda na gaya maka, wurin aiki ne suka riƙe ni. Ka sumbatar mini Mili.

Taka har kullum,
Torika

Invercargill, 14 ga Yuli

Maigidana Eroni,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Mili, da fatan tarin da ka ce Mili na yi ya lafa. Wasiƙarka ta same ni a kwance. Mura ta kayar da ni kwana biyar, dusar ƙanƙara kuma ta rufe hanyar gona.

Ka rubuta cewa ranar Lahadi ka miƙe a coci ka roƙi jama'a su yi addu'a Allah ya tausasa zuciyar shugabannina su sake ni. Ka ce Mili ta daina gaida duk wani Bature saboda Turawa sun riƙe mata uwa. Sau uku na karanta wurin, na kasa cin abinci.

Eroni, babu wanda ya riƙe ni. Aikina ya ƙare a watan Mayu kamar yadda aka yi yarjejeniya. Ni na je da ƙafata na roƙi a ƙara mini wata huɗu, saboda gasar nan. Ƙarya na yi maka a waya, na kuma maimaita ta a takarda.

Shekarata talatin da uku. Tun ina yarinya nake sauke buhunan kwakwa daga kwalekwale, mutane na dariya suna cewa ƙarfin maza Allah ya ba ni bisa kuskure. Sai da na zo nan wani ya dube ni ya ce wannan ƙarfin yana da amfani. Na so in san iyakarsa sau ɗaya kafin jikina ya ƙi. Na san da na gaya maka gaskiya za ka ce in dawo, kuma da na dawo, domin kai ne da gaskiya: shekara biyu kana wanki, kana kitso, kana gona. Shi ya sa ban tambaye ka ba.

Ban san yadda za ka fuskanci mutanen coci ba. Ka ce musu ni ce. Ka gaya wa Mili ta ci gaba da gaida mutane.

Matarka mai laifi,
Torika

Invercargill, 6 ga Agusta

Eroni,

Ina fata kuna lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Sau biyu na buga waya kantin ƙauye, aka ce ka tafi kamun kifi. Na gane. Ba zan matsa maka ba.

Na ɗaga casa'in da shida sau ɗaya, tun daga nan ban sake ba. Gwiwata ta hagu tana kumbura. Da rana idan na ɗaga tsohuwa daga gado zuwa kujera, sai in ji kamar atisayen ne bai ƙare ba tun jiya.

Yau na isa gona, na kashe mota, na kasa fita. Ina zaune kawai ina kallon ruwa na dukan gilashi, ban san tsawon lokacin ba. Baba Alastair ya zo ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini miyar kabewa a kofi. Na gaya masa komai. Ya ce, "Da na san haka, da ban buɗe miki rumfa ba." Na ce to in tafi ke nan? Ya ce, "Yanzu? Bayan kin riga kin yi ɓarnar? Sha miyarki ki shigo, saura kwana goma sha takwas."

Na shiga. Ba don ina so ba, don ban san inda zan nufa ba ne.

A gaida Inna. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Torika

Invercargill, 26 ga Agusta

Zuwa ga maigidana, Baban Mili,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk mutanen gida. Na gode da wasiƙarka. Ta iso kwana biyu kafin gasa, da zanen da Mili ta yi a bayanta.

Ban samu ba. Bari in fara da wannan don kada ka yi ta nema a ƙasa.

Ɗagawar farko ta yi kyau. A ta biyu ana ba mutum dama uku. Na ɗaga casa'in da huɗu. Na nemi casa'in da takwas, ta zame mini daga ƙirji. A ta ƙarshe na miƙe da ita, na tura, ta hau sama. Wallahi ta hau, Eroni, na ga rufin ɗakin ta ƙarƙashinta, na riƙe har aka ce in sauke. Na juya, sai ga jar fitila biyu, fara ɗaya. Alƙalai biyu sun ce gwiwar hannuna ta ɗan lanƙwasa kafin ta miƙe. Baba Alastair ya jefar da hularsa yana cewa makafi ne. A mota, bayan mun yi nisa, ya ce, "Ta lanƙwasa, 'yata. Na gani." Na ce ni ma na ji. Daga nan barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai a ƙofar gidana.

Na zaci zan yi kuka. Har yau ban yi ba. Jiya na je aiki kamar kullum.

Tambaya ɗaya ka yi mini a wasiƙarka: da na samu, aka ce sai na ƙara wata uku a sansanin horo, zan ƙara? Na daɗe ina neman amsar da za ta yi maka daɗi. Zan ƙara, Eroni. Amma da bakina zan gaya maka, kafin in sa hannu. Gara ka san matar da za ka tarba.

Jirgina zai sauka Nadi ranar 19 ga Satumba, washegari in hau jirgin ruwa zuwa tsibirinmu Kadavu. Kada a tara jama'a, kada a yanka komai. Idan zuciyarka ba ta huce ba, ka turo Inna da Mili, ba zan ga laifinka ba. Idan kuwa ka zo da kanka, don Allah ka karɓi akwatin daga hannuna. Ba na son ɗaga komai.

Matarka,
Torika