An Zo An Tafi da Ɗanjuma

Jimeta, Jihar Arewa maso Gabas

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar Baba? Ya aikin kaka?

Ɗanjuma, wanda muke lodin gyaɗa tare a jirgin ruwa, ya samu taɓin hankali. Tun da Binuwai ta ja, jirage suka ɗauke, ya daina magana. Ɗakinmu na unguwar Dubeli ga zafi ga cunkoso, ba inda mutum zai miƙe ƙafa. Daga baya ya koma bakin kogi yana surutai shi kaɗai.

Ranar Juma'a wansa ya zo takanas daga Azare. Ya yi masa wanka da aski, ya riƙe hannunsa har cikin mota. Mutane suna ta "Allah sarki", ni kuwa wallahi kishi ne ya turnuƙe ni. Buhun da ya ɗauka na ɗauka, barcin da ya gagare shi ni ma ya gagare ni. Yanzu yana can yana shan furar uwarsa, ni ko amsar wasiƙa ban samu ba.

Ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a. Ka gaida kowa. Yaya, sai na fara surutai a bakin kogi za ka zo?

Ƙaninka,
Isa