Gaisuwar da na yi a daji ta biyo ni har gida

Hajiya, don girman Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama, domin raina ya ɓaci iyakar ɓaci.

Ni mace ce mai shekara arba'in da ɗaya, ina zaune a Bungudu, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka tare motarmu muna dawowa daga kasuwar Tsafe, suka kora mu daji mu tara. Kwana hamsin da uku muka yi. Ba zan ba ki labarin duka ba, wani abin ko mijina ban faɗa wa ba. Cikinmu akwai wata tsohuwa mutuniyar Karakkai, Inna Mairo, mai ciwon suga, ƙishirwa na neman kashe ta, su kuwa ruwa sai sun ga dama. Na lura duk ranar da suka dawo kan baburansu muka yi musu shiru, sai duka da hana ruwa. Rannan sai na durƙusa na ce musu sannunku da aiki. Hajiya, na san aikin da suka je yi, na sani sarai. Amma babbansu ya yi dariya ya ce a ba mu jarka ɗaya. Daga ranar kullum sai na gaishe su, kullum Inna Mairo ta sha ruwa. Can ta rasu, kanta bisa cinyata, amma ba ƙishirwa ce ta kashe ta ba.

Da aka sako mu, Kabiru ƙanen mijina, wanda ke harkar fim a Tudun Wada cikin Gusau, ya zo jaje. Ya zauna tsakar gidana, ya ci tuwona, yana ta share hawaye, ni kuma sakarai na zazzage masa cikina. Ashe ɗan banza labari ya zo ɗauka.

Watan jiya fim ya fito a waya. Sun canza suna, amma matar mai ƙuli-ƙuli ce, mai wushirya, 'yar Bungudu. To mai ƙuli-ƙuli mai wushirya nawa aka sace a Bungudu? Babu Inna Mairo a ciki, babu ƙishirwa, babu jarka. Sai matar tana rangwaɗa da jan baki, tana yi musu sannunku da aiki tana murmushi. Jan baki, Hajiya! Mu da muka yi kwana hamsin ko wanka babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai 'yan kallo ne. Suna ta rubutu a ƙasan fim ɗin, wai ya yi ma'ana, wai sun sha kuka, a yi sauri a kawo kashi na biyu. Wata tana kwance ƙarƙashin fanka ta rubuta cewa da ita ce gara a harbe ta da ta gaida azzalumai. Allah ya kai ki, sai mu gani. A'a, astagfirullah, ban yi wa kowa wannan fatan ba. Wani kuma ya ce irin waɗannan matan su ne infoma, su ke nuna gidajen masu hali, mutum sama da ɗari suka goya masa baya. Kin san abin da kalmar nan ke jawowa a ƙasarmu.

Yanzu in na gitta bakin tasha, 'yan kabu-kabu sai su haɗa baki su ce mini sannunku da aiki. Makon jiya 'yan sa-kai biyu suka yi sallama da maigidana, wai me na riƙa tattaunawa da mutanen daji. Shi kuwa maganarsa ɗaya ce, in yi haƙuri, fim ne, kada in raba zumunci. Kabiru ya ce wayar da kan duniya yake yi, kuma kashi na biyu na nan bayan Sallah, ya ƙi faɗin abin da za a mai da matar.

Na yanke in je Gusau in tsaya ƙofar shagonsa in ja masa Allah ya isa a gaban jama'a, ko kuma in kwashe kayana in bar garin. Wanne zan yi?

Mai wushirya, daga Bungudu

AMSA

'Yar'uwa, ko ɗaya kada ki yi. In kika bar gari za a ce rashin gaskiya ne ya kore ki. In kika je kika yi ihu a ƙofar shago, wani zai ɗauka a waya, gobe ke ce fim ɗin.

Fushinki a kan hanya yake. Ban ce kada a yi fim a kan abin da ke faruwa da mu ba, gara a yi, kuma da yawa cikin masu zagin nan su ma an kashe musu nasu ne, zafin ne ke magana. Mai yiwuwa Kabiru bai nufe ki da sharri ba. Amma ya ɗauki amanar jaje ya kai kasuwa, ya bar gaisuwar ya cire dalilinta. Wannan ba wayar da kai ba ne, ƙarya ce da za ta iya cin rai.

Tunda 'yan sa-kai sun riga sun zo, maganar ta wuce ta cikin gida, kada ki jira Sallah. A makon nan ku je wurin mai unguwa da liman. Ki nemo waɗanda kuka zauna dajin tare, ko biyu ne, da wani babba daga iyalan Inna Mairo, su faɗi abin da suka gani a gaban shugaban 'yan sa-kai. Sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda a rubuta, domin a san akwai masu sa ido a kanki.

A wannan zaman za a kira Kabiru. Ya sauke fim ɗin har sai ya cire duk abin da ke nuna ke ce, ya dakatar da kashi na biyu, ya fito da fuskarsa a inda ya sa fim ɗin ya ce matar ba infoma ba ce, ruwa take nema wa tsohuwa. In ya ƙi, akwai kotu, ɓata suna laifi ne. Ke kuma ki daina karanta abin da ake rubutawa a ƙasan fim ɗin, ba abin da zai ƙara miki sai hawan jini.

Ki karanta wa maigidan wannan: Malam, zumuncin da kake tsoron rabawa ƙanenka ya riga ya taɓa shi. Kai ne za ka shige gaba zuwa wurin mai unguwa, ba ita ba.

Akwai abin da na ji a ƙarƙashin wasiƙarki ko da ba ki faɗa ba, wato ke ma kalmar nan tana cin ki. Ki sauke wannan nauyin. Ba aikinsu kika yaba ba, ruwa kika saya da bakinki, tsohuwa ta sha har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Inna Mairo, ya tsare ki, ya wanke sunanki. A dajin nan mutum ɗaya ce ta cancanci gaisuwar, kuma ba wanda ya yi mata, don haka ni zan yi: sannu da aiki, 'yar'uwa.