Maɓallin Kwamfuta da Karatun Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ƙafarka? Mu nan Zongo lafiya lau.

Kwamfutar da ka bar mini ta ba ni tsoro. Maɓallin kunnawa ya daɗe yana gardama, ni kuwa sai in ƙara danna shi da ƙarfi, har ranar Talata ya shige ciki. A cikinta kaɗai karatun marigayi Baba yake, wanda ka naɗa a azuminsa na ƙarshe. Kullum ina ce wa ɗalibaina su ajiye abu wuri biyu, ni ban yi ba.

Na kai ta kasuwar Kejetia a trotro, motar haya. Mai gyara ya buɗe ta, ya cire wayar maɓallin, ya haɗa ta da wani ƙaramin maɓalli da ke ƙasansa. Ya ce, "Malama, cikinta lafiya. Yatsanki ne da zafi."

Da na kunna karatun a gida, Mma ta ajiye tsintsiya, ta zauna ta ce, "Ƙara murya kaɗan."

Yanzu na kwafe shi, zan aiko maka da naka. Ku sa mu a addu'a, har da Baba. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zainabu